Filin Tambayoyinku: Shingen Da Zai Rayu a Ƙasa Mai Riƙe Ruwa

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Bayan gidan da na tare ƙasa ce mai riƙe ruwa. Idan aka yi ruwan sama sai a kwana huɗu ko biyar ƙafa tana nutsewa. Ta wannan gefen ne kuma maƙwabcina ya ɗora bene, tagoginsa biyu suna kallon inda nake shanya da inda yara ke wasa. Tsawon wurin mita 18 ne. Magini ya ce katanga a irin wannan ƙasa sai da tushe mai zurfi, kuɗin kuwa ya fi ƙarfina. Bara na sayi dashe 30 na jera, kullum ina ba su ruwa, amma duk suka yi rawaya suka mutu. Wace shuka ce mai araha da za ta rayu a nan ta kare ni daga idon mutane? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Abin da ya fi ba ni tausayi a wasiƙarki shi ne da kika ce kullum kina ba su ruwa. Ba ƙishirwa ce ta kashe dashenki ba, shaƙewa suka yi. Saiwa tana numfashi kamar ni da ke. A ƙasa mai kyau akwai 'yan ƙofofi birjik tsakanin ɓurɓushin ƙasar, iska tana zaune a cikinsu. Da zarar ruwa ya cike ƙofofin nan, an toshe wa saiwa hanci, domin tafiyar iskar oksijin a cikin ruwa ta fi ta sarari nawa kusan sau 10,000, ɗan abin da ya saura kuma ƙwayoyin halittar cikin ƙasa kan shanye shi cikin kwana ɗaya ko biyu. Sai ƙananan saiwoyi su mutu su ruɓe. Mataccen saiwa ba ya jan ruwa, don haka ganye ya yi yaushi tamkar na shukar da rana ta gasa. Mai shuka ya leƙo ya ga yaushi, ya ruga ya ɗauko bokiti. Haka ake ƙarasa su da hannun mai ƙaunarsu.

Kada ki ji kunya, tawa wautar ta fi taki. Shekarun baya na sayi dashe 40 wajen wani mai rainon itatuwa da ya rantse mini cewa irin nan ba ya mutuwa. Don in nuna gwaninta sai na haƙa ramuka masu zurfi a cikin yumɓu, na zuba tsakuwa a ƙasa, na cika da yashi da taki. Ashe tukwane 40 na gina, marasa huji. Duk ruwan da ke yawo a filin sai ya gangara cikin ramukan ya kwanta, tunda nan ne ƙasa ta fi sakwa-sakwa. Bayan wata biyu na tumɓuke ɗaya, saiwar baƙa ƙirin, tana saɓulewa a yatsa, ga wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai. Ruwa ba ya tsami banza. Tun daga ranar ban sake zuba tsakuwa a gindin rami ba, ban kuma sake binne taki a ƙasa mai ruwa ba. Taki a sama ake barbaɗa shi.

Kafin ki sake kashe ko sisi, ki fara sanin ruwanki. Ki haƙa rami biyu ko uku a tsawon wurin, zurfin santimita 60, ki rufe bakinsu da katako don kada ruwan sama ya faɗa kai tsaye ko yaro ya zurma. Ki riƙa leƙawa har mako biyu a tsakiyar damina. Ki kuma duba launin ƙasar da kika fitar. Idan ja ce ko ruwan ƙasa, ruwan baƙo ne, yana zuwa yana wucewa. Idan toka-toka ce mai ɗigo-ɗigon tsatsa, ruwan yana hawa yana sauka da yanayi. Idan kuwa toka ce tsantsa mai ɗan shuɗi-shuɗi, ga wari, to ruwan ɗan gida ne, ba ya zuwa ko'ina. Kowanne da irin shukarsa. Ki kuma bi sawun ruwan. Sau da yawa abin da ake kira dausayi indararon rufin gida ne ke zuba wuri guda, ko bututu ne ya fashe a ƙarƙashin ƙasa, ko kwatar wani ce ta karkato. In haka ne, gyaran yini ɗaya zai rage miki rabin matsalar.

Daga bayaninki, ina zaton naki na tsakiya ne, wanda ke jiƙe sharkaf da damina ya bushe ƙamas da rani. Shi ya fi wuyar sha'ani, domin shukar da za ta zauna a nan sai ta jure nutsewa ta kuma jure fari.

To, ga waɗanda za ki cire daga lissafi tun yanzu: zogale, bini-da-zugu, aguwa da dogon yaro. Dukkansu ana yin shinge da su, suna da araha, suna kama ƙasa da wuri, amma 'ya'yan tudu ne. Ruwa ya kwanta musu a gindi 'yan kwanaki, sai ruɓa. Ayaba ma takan yaudari mutane saboda tana son ruwa. Sha take so, ba zama a ciki ba.

Shukar ruwa ta gaskiya halittarta daban ce. Ki yanka karan kachalla ko na gwaza ki duba, za ki ga cikinsa kamar soso. Waɗannan ramukan hanyar iska ce daga ganye har zuwa ƙarshen saiwa, shi ya sa ruwa ba ya shaƙe su. Abin daɗin shi ne yawancin masu wannan halitta ba sa buƙatar a saye su a leda. Ana yankan reshe a soka, ko a tsaga gindi a raba. A nan arahar take.

Ta farko a wurina ita ce jema, musamman 'yar'uwarta ta kudancin Indiya da ake kira betiba, Chrysopogon zizanioides a harshen masana. Bankin Duniya ya yayata ta tun shekarun 1980 don tare zaizayar ƙasa, kuma da dalili. Saiwarta ba ta yawo gefe, ƙasa take nufa sak, tana iya kai mita 3 a shekarar farko. Ambaliya kan shanye ta makonni ta fito da ranta, fari ya zo ta jure. Irin na kudancin Indiya ba ya yin iri mai tsira, saboda haka inda kika dasa ta nan za ta tsaya, ba za ta tsallaka gidan maƙwabci ta jawo miki magana ba. Ana tsaga gindi guda zuwa 'yan tsagi masu kara biyu ko uku, a datse ganyen ya rage tsawon tafin hannu, a jera su da tazarar santimita 15. Mita 18 ɗinki zai ci tsagi 120, wanda manyan gindi kaɗan za su ba ki. Aibinta biyu ne. Ba ta son inuwa ko kaɗan, sannan tsayinta bai cika wuce mita ɗaya da rabi zuwa biyu ba. Za ta kare ki daga mai wucewa, ba za ta kare ki daga mai leƙowa ta bene ba.

Don tsayi cikin gaggawa, ki nemi dangin zamarke, musamman wanda ake kira Sesbania sesban. Da iri ake shuka shi, a jiƙa irin ya kwana a ruwa. Cikin shekara guda yakan kai mita 4, yana jure ruwa a gindi da zarar ya ɗan tasa, kuma saiwarsa tana ƙara wa ƙasa taki kamar yadda dangin wake ke yi. Sai dai ba ya daɗewa, 'yan shekaru ne ya tsufa ya fara karyewa, ganyensa kuma ƙanana ne, labule ne mai shara-shara. Ni ina ɗaukarsa kamar ɗan haya: ya riƙe miki wuri kafin masu gida su girma. Ki datse masa kai idan ya kai ƙirjinki don ya yi rassa, in ba haka ba sai ya miƙe siriri kamar sanda, ya bar ƙasa a buɗe.

Masu gidan su ne itatuwan bakin rafi. Giyayya tana tsirowa a laka inda ruwa ke kwanciya wata da watanni, tana fito da kara da yawa daga gindi ɗaya, in an sare ta ta sake tohowa da ƙarfi. Malmo yana da duhun ganye duk shekara, amma yana da nawa, irinsa kuma ba ya ajiyuwa, sai a shuka shi da ɗanyensa. Kajinjiri yana yin cunkus mai kyau wanda ko akuya ba ta ratsawa, sai dai akwai ƙaya mai tsini a gindin ganyensa, kuma kin ce wurin wasan yara ne. Ni da zan bar shi.

Na san za ki tambaye ni gora, kowa ita yake fara tunawa. Gora tana son danshi, amma yawancinta ba ta son gindinta cikin ruwa, don haka sai a kan tudu. Kuma iri biyu ce. Akwai mai zama dunƙule wuri guda, akwai mai aika jijiya ta ƙarƙashin ƙasa ta ɓullo mita da yawa daga inda aka dasa ta, har tsakar gidan wani. Dangin Phyllostachys masu gudu ne, ko kyauta aka ba ki kada ki karɓa. Dangin Bambusa masu dunƙulewa ne. A cikinsu ma, mai launin rawaya da ratsin kore da ake yawan gani, Bambusa vulgaris, tana wuce mita 10, ta yi wa ƙaramin gida girma. Bambusa multiplex ita ce daidai shinge, siririya ce, tana karɓar aski. Idan za ki sare gora, ki yanka dab da saman gaɓa. Kututturen da aka bari da rami kofi ne, ruwa zai taru a ciki sauro ya yi ƙwai.

Na ambaci tudu, bari in tsaya a kansa, domin ya fi kowace shuka muhimmanci kuma ba ya cin komai sai gumi. Maimakon haƙa rami ki dasa a ciki, sai ki tayar da kunya doguwa, tsayin santimita 40, faɗin mita ɗaya ko fiye, ki dasa a bisanta. Ƙasar da za ki yi kunyar da ita ki ɗebo ta daga gefe, ramin da ya samu ya zama lambatu, ki karkata shi ya bi inda ruwa ke fita bisa ƙa'ida, ba gindin ginin maƙwabci ba. Wannan ɗan tsayin ya isa ya ba wuyan shuka da saiwoyinta na sama wurin shan iska, ga shi kuma kin sami ƙarin tsayi kyauta. Ki yi kunyar makonni kafin dashe don ta zauna, ki lulluɓe ta da busasshiyar ciyawa. Abu ɗaya za ki kiyaye: kunya tana saurin bushewa, saboda haka a ranin farko za ki ba da ruwa. A lokacin ne bokitinki zai yi amfani.

Sauran magana ita ce inda za a dasa, kuma a nan mutane ke asarar kuɗi ba su sani ba. Kowa yakan ɗauka dole sai a kan iyaka. Mu ƙaddara tagar tana sama da ƙasa mita 5, nisanta da inda kike tsayawa mita 12, iyakar gidanki kuma mita 8 daga gare ki. In a kan iyaka za ki tare idon mai leƙe, sai shukar ta kai kusan mita 4. In kuwa kika dasa ta taku uku daga wurin shanyar, mita 2 da 'yar ɗoriya ta wadatar. Ki sa wani ya riƙe doguwar sanda yana matsawa, ke kina tsaye inda kika saba, ki ga a ina kan sandar ke rufe tagar. Ƙila ki tarar dogayen shuka huɗu ko biyar kawai kike buƙata a daidai tagogin biyu, ba 30 ba. Sau da yawa ma wurin da ya fi kusa da ɗaki ya fi iyakar tudu.

Da ni ne da mita 18 ɗin nan, zan tayar da kunya, in jera jema a gefenta na ƙasa daga farko har ƙarshe, ta riƙe kunyar kada ta zube. A bisa kunyar in shuka zamarke da tazarar mita ɗaya. A daidai tagogin in sa gora mai dunƙulewa guda huɗu, tazarar mita ɗaya da rabi, ko malmo biyu in akwai fili. Shekara ta uku in fara sare zamarken ɗaya bayan ɗaya. Gora a shekarar farko kamar barci take yi, kada ki yanke ƙauna ki tone ta. Ki riƙa share gindin shingen, ki bar hanyar ƙafa tsakaninsa da wurin wasan yara, domin duhuwa mai danshi tana tara kwaɗi, inda kwaɗi suke kuma maciji ba ya nisa.

Kachalla kuwa, ko da wasa. Za ki gan ta tsaye zar a cikin ruwa, kyauta, ki ce ga abin nema ya samu. Kanta guda yana ɗauke da iri sama da 100,000 da iska ke kwashewa, ga jijiya tana bi ta ƙasa. Shekara biyu ta toshe miki lambatun da kika sha wuyar haƙawa.

Tambaya: Malam, ni a ƙasar sanyi nake zaune, inda ƙanƙara ke sauka. Ƙarshen lambuna laka ce duk hunturu. An ba ni shawarar in dasa lailandi saboda saurin girmansa. Me ka gani? Daga wani mai karatu.

Amsa: Malam, wanda ya ba ka shawarar ya duba sauri bai duba ƙasa ba. Lailandi, itacen shinge mai ganye kore duk shekara, yana iya ƙara kusan mita guda a shekara, gaskiya ne, amma a laka mai ruwa saiwarsa ba ta nisa, ga cutar ruɓar saiwa ta Phytophthora wadda ƙwayoyinta ke iyo cikin ruwan ƙasa daga gindi zuwa gindi. Wanda ya tsira kuma iska ta kayar da shi. Inda ya yi kyau ma rigima yake jawowa, har ta kai a Ingila dokar 2003 ta ba mutum damar kai ƙara wurin ƙaramar hukuma idan shingen maƙwabcinsa mai ganye duk shekara ya wuce mita 2 yana tare masa haske.

Abin da ya fi komai araha a wurinka shi ne wilo, itacen bakin ruwa na dangin Salix. Da hunturu, lokacin da ya zubar da ganye, ka yanko rassa masu kaurin yatsa, tsawon santimita 30, ka soka kashi biyu cikin uku a laka, idon toho yana kallon sama. Shi ke nan. In kana son shinge tun ranar farko, ka samo dogayen tsumagu na mita 2, ka soka su a karkace, ɗaya dama ɗaya hagu, ka saƙa su kamar raga, ka ɗaure mahaɗa. Za su yi saiwa su toho a haka. Shekarar farko ciyawa ce abokiyar gabarsa, sai ka dage da cira. Amma ka nisanta shi da bututun ruwa, ramin masai da tushen gini, domin saiwarsa mayyar ruwa ce, ƙaramin tsagi ta samu sai ta shige. Kuma duk shekara sai an yi masa aski, in ba haka ba ya zama bishiya.

Wilo tsirara yake kwana da hunturu. In wannan ya dame ka, ka haɗa da itacen da masana ke kira Carpinus betulus, wanda ke jure yumɓu mai nauyi, kuma in ana datse shi yakan riƙe busasshen ganyensa har bazara. Thuja occidentalis asalinsa ɗan fadamun arewa maso gabashin nahiyar Amurka ne, kore ne duk shekara, a kan kunya zai yi maka kyau. Inda ruwa ya fi tsanani ka sa itacen Alnus glutinosa, da Cornus alba mai jajayen rassa a gabansa. Ka saye su ƙanana, marasa ƙasa a saiwa, waɗanda ake sayarwa a ɗaure tsakanin Nuwamba da Maris a arewacin duniya. Sun fi na tukunya sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba, kuma cikin 'yan shekaru sukan kamo manyan da aka saya da tsada, domin ƙaramin dashe ya fi saurin sabawa da ƙasa. Ka dai guji dasawa ranar da ruwa ke kwance ko ƙasa ta daskare.

Tambaya: An ce mini idan na jera bishiyar turare za ta shanye ruwan filin gaba ɗaya, in huta. Haka ne? Daga wani mai karatu.

Amsa: Tana shan ruwa sosai, kuma irin da ake kira Eucalyptus camaldulensis ɗan bakin kogi ne a Ostireliya, ambaliya ba ta dame shi ba. Amma ruwan da ke damunka yana zuwa ne cikin sa'o'i, ita kuwa a hankali take sha, don haka ranar da aka tafka ruwa caɓinka yana nan. Sannan a matsayin shinge ba ta da amfani: shekara biyar ganyen ya haye sama, ya bar ka da gungume tsirara a daidai tsayin ido. Tana kai mita 20 ko fiye, tana kuma yar da manyan rassa ba sallama.

Wannan dabara ta busar da fadama da bishiya an gwada ta a Fulorida ta Amurka da wata 'yar'uwar turaren, Melaleuca, ita ma daga Ostireliya. A shekarun 1930 har ta jirgin sama aka watsa irinta a kan fadamar Everglades. Fadamar ba ta bushe ba, bishiyar ce ta mamaye dubban ɗaruruwan eka ta kori tsirran wurin, har aka koma Ostireliya aka ɗauko wani ƙwaro mai cin tohonta aka sake shi a 1997. In filinka babba ne, ka sa biyu ko uku can nesa da ɗaki da rijiya. In kuwa bayan gida ne, ka haƙa lambatu, ka tayar da kunya, ka duba amsar da na ba 'yar'uwarmu ta farko.